Hannu ɗaya da "hannun" gem: zare kan ƙanena da tarihin madannai

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Maganar gem zan yi, amma ba irin ta "wa ya fi wani iya PES" ba. Tambaya ɗaya ce ta sa ni tonon tarihi tun hutun bara: wane gem ne mai hannu ɗaya zai iya bugawa?

2/ Autan gidanmu a Kekun Waje, shekararsa 15, ya faɗi da kabu-kabu a hanyar Bungudu. Ƙashi ya ɗoru, amma jijiyar kafaɗa ta taɓu. Hannun dama yana nan a jikinsa, sai dai ko cokali ba ya ɗagawa. Ya koyi cin tuwo da hagu, ya koyi rubutu da hagu, ya jure kallon da ake yi wa mai miƙa wa babba hagu.

3/ Abin da ya kasa jurewa shi ne shagon gem. Yaron da a da sai Inna ta aika a kamo shi bayan magariba, ya daina bin layin ma gaba ɗaya. Da na tambaye shi sai ya ce: "Yaya, mi za ni yi can? In tsaya ina kallo kamar mai jiran canji?" Wallahi na rasa amsa.

4/ Ku duba wani abu. Abin da ake riƙewa a buga gem, mu "hannu" muke ce masa. "Ba ni hannu." "Hannun nan ya mutu." To wannan hannu guda ɗaya, sai da hannu biyu ake riƙe shi. Na taso ina ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ashe ba haka ba ne.

5/ A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, ƙwallon tebur ke nan a allo. Kowane ɗan wasa ɗan murfi guda yake murɗawa, irin na ƙara sautin rediyo. Shi ke nan. Hannu ɗaya ya isa, ɗayan ka riƙe lemonka.

6/ A 1980 kamfanin Namco na Japan ya kawo Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara. Sanda guda ce a kafe jikin akwatin: sama, ƙasa, hagu, dama. Babu madannin harbi, babu na tsalle. Ɗaya daga cikin manyan gem na tarihin duniya, kuma da ƙanena zai same shi yau, babu abin da wani zai nuna masa.

7/ Sirrin shi ne, a wancan zamani akwatin ne yake riƙe kansa. Tsaye yake a shago kamar firij, kai naka taɓawa kawai. Matsala ta faro ne da gem ya shigo ɗaki, aka ce kai za ka ɗauki abin a tafinka. Daga nan hannu ɗaya ya koma ɗan dako.

8/ Famicom na Nintendo, 1983, shi ya kafa tsarin da muke kai har yau: babban yatsan hagu yana tafiyar da mutum, na dama yana danna A da B. Wancan madanni mai siffar alamar tarawa, Gunpei Yokoi da mutanensa ne suka fara sa shi a ƙaramin gem ɗin Donkey Kong na 1982. Yayyenmu da suka buga jabun Famicom mai rawayan kaset, wanda sai an hura masa iska yake tashi, wannan rabon aikin suka gada.

9/ Daga nan sai madannai suka yi ta hayayyafa. Super Famicom a 1990 ya ƙara X da Y, da L da R a kafaɗu. PlayStation a 1994 ya mayar da na kafaɗa huɗu. DualShock a 1997 ya ƙara analog biyu. PS2 ya zo a 2000 da wannan hannun, kuma shi ne ya cika shagunan gem na Arewa, har ƙauyukan da sai an tada janareta.

10/ Yanzu ɗauki PES. Hagu yana jan ɗan wasa. Dama yana ba da fas, yana harbi, yana kuros, kuma ɗan alinsa yana kan R1 don gudu. Cire hannun dama, ɗan wasanka zai yi ta yawo da ƙwallo kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Babu wanda ya zauna ya ce "mu kori masu hannu ɗaya". Mantawa aka yi da su, shekara bayan shekara, madanni bayan madanni.

11/ Ba kowa ne ya manta ba, a faɗi gaskiya. A 1989 Nintendo ya yi wani abu da ake ɗaurawa a ƙirji, ana tura sandarsa da haɓa, ana hura iska ko a zuƙa ta wani bututu a madadin A da B. Don waɗanda hannuwansu duka ba sa aiki aka yi shi.

12/ Wanda ya ba ni dariya shi ne ASCII Grip na shekarun 1990, hannun PlayStation da ake riƙewa da hannu guda. Ba don naƙasassu aka tallata shi ba. Don masu buga dogayen gem na labari ne, su samu hannun buɗe littafin jagora. Ku riƙe wannan, za ta dawo: sau da yawa abin da ya amfani mai hannu ɗaya, don jin daɗin mai hannu biyu aka ƙera shi.

13/ Bari in ɗan dawo gida. Wasanninmu na gargajiya ba su cika wannan sharaɗin ba. Dara, gida 30, kowa da 'ya'ya 12, da hannu ɗaya dattijai suke bugawa a gindin bishiya, ɗayan yana kan carbi ko goro. A langa, hannu guda yana can riƙe da ƙafa, da ɗayan ake ture abokin karawa. Ko ɗan dambe, hannu ɗaya yake naɗewa ya yi duka da shi.

14/ Kuma a 1988 Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon da waɗanda shan inna ta taɓa suke bugawa: su zauna a kan katako mai taya, su doki ƙwallon da hannu. Bai jira wani daga waje ya gyara masa wasa ba, dokar wasan ya canza ta dace da jikinsa. Mutanenmu sun san wannan dabarar tun kafin a haife ni.

15/ To me ya fara dawo da gem ga mai hannu ɗaya a nan? Ba wata na'ura ta musamman ba ce. Maciji ne. A ƙarshen 1997 Nokia ya sa Snake a wayar 6110, aikin wani injiniyan Finland, Taneli Armanto. A 2000 aka fito da 3310 da Snake II. A Agustan 2001 GSM ya fara aiki a Najeriya.

16/ 2, 4, 6, 8. Babban yatsa guda. Mai shayi yana bugawa yana jiran ruwa ya tafasa, ɗan kabu-kabu yana bugawa yana jiran fasinja. Waya dama don hannu ɗaya aka ƙera ta, sai gem ya bi siffarta. Babu wanda ya kira wannan taimakon naƙasassu, amma aikin da ya yi ke nan.

17/ Da manyan wayoyi suka zo sai ƙofar ta ƙara buɗewa. Temple Run a 2011, Subway Surfers da Candy Crush a 2012. Flappy Bird na Dong Nguyen ɗan Biyetnam a 2013, taɓawa ɗaya tak, har mai shi ya cire shi a Fabrairun 2014 don ya ga mutane sun kamu da shi fiye da kima. A 2016 Nintendo da kansa, wanda ya raba mana aiki tsakanin hannu biyu, ya fito da Super Mario Run yana tallata shi a matsayin Mario na hannu ɗaya.

18/ Ga ƙa'idar da na gano bayan na cika wayata da gem ina gwadawa da hagu, dama a aljihu. In a tsaye ake riƙe wayar, akwai fata. In sai an kwantar da ita, yawanci a haƙura: Free Fire, PUBG, eFootball, Dream League, duk sun zana hannun PS ne a kan gilas. Sun kwaso tsohuwar matsalar sun shigo da ita sabon gida.

19/ Sharaɗi na biyu, wanda Bature mai rubutu kan wannan batu ba zai faɗa muku ba: gem ɗin ya yi aiki ba sabis. Duk wanda yake Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka kashe layukan waya saboda matsalar tsaro, ya san me nake nufi. Super Mario Run sai da intanet yake tashi. Hannu ɗaya ya ishe shi, amma a Kekun Waje ranar da sabis ya ɗauke, hoto ne kawai.

20/ Waɗanda suka tsaya mana: Score! Hero, ƙwallo ce da kake zana wa fas hanya da yatsa guda. Ludo King, wanda mutum huɗu za su zagaye waya ɗaya. Vampire Survivors, inda tafiya kaɗai kake yi, makamai suna harba kansu, wato jikan Pac-Man bayan shekara 40 da 'yan kai.

21/ Na sa masa duka. Ya buga sati biyu yana murna. Ranar da zan koma makaranta sai ya miƙo mini wayar ya ce: "Yaya, duk wannan ni kaɗai ni ka yi." Nan na gane na yi kuskuren fahimtar tambayar. Ba gem ya rasa ba. Benci ya rasa, da ihun "ci!", da musu, da "wanda aka cire ya biya".

22/ Sai na koma bincike kan babban gem. A can ƙasashen an yi tafiya. Ƙungiyar AbleGamers ta kafu a Amurka a 2004, SpecialEffect a Ingila a 2007. Wani maƙeri, Ben Heckendorn, ya yi suna da farke hannun Xbox 360 ya sake haɗa shi don wani sojan da ya ji rauni a Iraƙi. Yaƙin nan ya mayar da samari da yawa gida da hannu ɗaya, kuma samarin da suka taso da gem ne.

23/ A Satumban 2018 Microsoft ya fitar da Xbox Adaptive Controller: faranti mai manyan madannai biyu da ramuka 19 a baya, ka jona madannin ƙafa, na gwiwa, duk inda jikinka yake motsi. Dala 100 ba kaɗan. Sony ya biyo da Access a Disamban 2023, kusan dala 90, kuma na PS5 ne. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saiti sama da 60 na sauƙaƙa wa masu lalura.

24/ Madalla da su. Amma ku buga dala 100 da canjin yau, ku ƙara kuɗin kawowa. A gidan da ake lissafin buhun masara da kuɗin gashin ƙashi, wannan labarin kanzon kurege ne. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi maganar gine-gine, sufuri, ilimi da aiki. Duk sun fi gem muhimmanci, ban musa ba. Amma ɗan shekara 15 ba a ofis yake samun abokai ba.

25/ Abin da ya fi amfanar mu kyauta ne, kuma yana ɓoye cikin saiti. Tun Maris 2015 PS4 yake ba da damar musanya madannai: ka ce X ya koma L1, L1 ya koma X. FIFA kuma tana da tsarin da ake kira One Button, madanni ɗaya da yake yin fas ko harbi ko ƙwace gwargwadon inda ɗan wasa yake. Haɗa biyun: babban yatsan hagu a kan analog, ɗan ali a kan L1. Ƙwallo ta samu.

26/ Shagon garinmu PS2 ne, ba shi da wannan musanyar. Sai da na jira hutu, na roƙi Baba, muka shigo Gusau da rana tsaka, don kowa ya san ba a bin hanya da yamma. Wani shago ne a Tudun Wada mai PS4 uku.

27/ Mai shagon ya ƙi da farko. "Malam, kada ka taɓa mini saiti, yara su zo su ce hannu ya lalace." Na nuna masa cewa musanyar tana bin sunan mai shiga ne, in aka buɗe wa yaron nasa sunan, na sauran yana nan yadda yake. Ya daɗe yana kallon allon, ya kalli hannun ƙanena, sai ya ce: "To buɗe mu gani." Shekara nawa yana sana'ar, bai taɓa shiga wannan shafin ba. Ni ma da nake cika baki, sai bara na san da shi.

28/ Ƙanena ya ɗora hannun gem a cinya, ya danne shi da gefen tafinsa don kada ya zame. Wani yaro ɗan unguwar ya zauna kusa da shi, ya ɗauki Madrid. Minti na farko ya so ya yi masa sassauci, ƙanena ya ce masa in tausayi zai yi ya tashi ya ba wani.

29/ An ci shi 4 da 1. Ɗayan nan kuwa har muka iso Kekun Waje ana ba ni labarinta, wai da ya samu madannin gudu da labari ya sha bamban. Yanzu rigimarmu ita ce ko za a mayar masa da gudu kan L2, don ya ce tsarin madanni ɗaya yana yi masa fas inda bai ce ba.

30/ In kana da shagon PS4 a Gusau, Tsafe ko Bungudu, ka rubuto mini in turo maka matakan da hoto, ba ya cin minti biyar. In kuma akwai mai gyaran waya da zai iya jona madannin ƙafa a tsohon hannun PS2, ina da guda biyu da suka mutu a ɗaki, zan kawo maka ranar Asabar.