Eyam, ƙauyen Ingila da ya kulle kansa tare da annoba

Kwanan baya na tambayi yaran ajina su faɗa mini sunan kakan mahaifinsu da garin da ya fito. Kaɗan ne suka iya. Da na koma gida na yi wa kaina tambayar, ni ma ban wuce kaka na uku ba na tsaya. Shi ya sa yau nake son in ba ƴan'uwana malamai da iyaye labarin wani ƙauye na ƙasar Ingila, wanda har gobe ana iya faɗin wanda ya zauna a wane gida a cikinsa shekara sama da 350 da suka wuce, da watan da ya mutu, da wanda ya bari a baya.

Sunan ƙauyen Eyam, amma masu shi "Im" suke kiran shi. Yana cikin tsaunukan yankin Derbyshire, kimanin kilomita 20 daga birnin Sheffield. Mutanensa a wancan zamani manoma ne da makiyaya da masu haƙar dalma. A 1665 annobar ɗa'uni, wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, ta faɗa wa birnin Landan, ta kashe kusan mutum 100,000. A ƙarshen bazarar wannan shekara aka kawo wa telan ƙauyen, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ƙunshin, ya ga yadin da danshi, ya shanya shi kusa da wuta. Ana kyautata zaton ƙuma na cikin yadin. Ranar 7 ga Satumba 1665 aka binne Viccars, shi ne na farko.

Daga nan cutar ta riƙa bin gida gida. Mary, matar telan, ta rasa ƴaƴanta maza biyu da ta haifa da mijinta na fari, daga baya ta rasa telan kansa, ita kuwa ta rayu. Maƙwabtansu, gidan Thorpe, su tara ne, ba wanda ya tsira. Da sanyi ya shigo mace-macen suka ragu, mutane suka ɗauka an wuce wurin. Masu hali kuma wasunsu sun riga sun tattara sun bar gari. Da zafi ya dawo a 1666, annobar ta taso fiye da da.

Malaman addini biyu ne a ƙauyen, kuma ba su jituwa a aƙida. William Mompesson matashi ne, baƙo, an naɗa shi limamin cocin a 1664. Thomas Stanley shi ne tsohon limamin, wanda ya rasa matsayinsa saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da hukumar sarki ta wajabta a 1662, amma ya ci gaba da zama cikin mutane, kuma da yawa shi suke jin maganarsa. Da ɗayansu kaɗai ya yi magana, da wuya a bi shi. Sai suka ajiye saɓaninsu, a watan Yuni 1666 suka tara jama'a, aka amince da abu uku. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, kusa da gida ko a gona, ba tare da taron jana'iza ba. A rufe cocin, a koma ibada a fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Na uku shi ne mai nauyi: kada kowa ya fita daga ƙauyen, kada kowa ya shigo, sai cutar ta wuce.

Musulmi da ya ji wannan zai tuna da umarnin Manzon Allah (SAW) na hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa wa da hana fita daga cikinta, da kuma yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, Abu Ubaida kuma ya zauna tare da mutanensa har ta ɗauke shi. Mutanen Eyam Kiristoci ne, amma shawarar da suka yanke iri ɗaya ce, kuma sun san mai zama cikin gari yana iya rasa ransa.

Abinci ya riƙa zuwa daga waje. Hakimin yankin, mai sarautar Devonshire da ke zaune a gidan Chatsworth, ya taimaka da kayan masarufi, ƙauyukan kewaye kuma suna ajiye kaya a bakin iyaka su koma. Akwai wani dutse tsakanin Eyam da ƙauyen Stoney Middleton da aka huda wa ramuka, ana zuba ruwan khal a ciki, mai saye ya jefa kuɗinsa, don sun yi imani tsamin yana kashe cutar. Dutsen yana nan har yau.

Watan Agusta 1666 shi ne mafi muni, mutum sama da 70 suka mutu a cikinsa. A gonar Riley, can gefen gari, Elizabeth Hancock ta binne mijinta John da ƴaƴanta shida tsakanin 3 da 10 ga watan, cikin kwana takwas, ita kaɗai take haƙa tana jan gawa. Maƙwabtanta, gidan Talbot, su ma annobar ta cinye su. Kaburburan gidan Hancock suna nan a tsakiyar fili, an kewaye su da ƙaramar katangar dutse. Shi ma Mompesson bai tsira daga rashi ba. Ya tura ƴaƴansa biyu waje kafin a rufe gari, ya roƙi matarsa Catherine ta bi su, ta ƙi, ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya. A ƙarshen Agusta ta mutu tana da shekara 27.

Ba kowa ne waliyyi a cikinsu ba. Ana ba da labarin Marshall Howe, mahaƙin dalma da ya kamu ya warke, ya mayar da binne gawa sana'a, yana kwashe kayan mamata a matsayin ladansa, har cutar ta shiga gidansa ta ɗauki matarsa da ɗansa. Ana kuma ba da labarin Emmott Sydall, budurwar da mahaifinta da ƴan'uwanta da dama suka mutu tun 1665. Saurayinta Rowland Torre ɗan Stoney Middleton ne, suna haɗuwa daga nesa, kwari a tsakaninsu, su kalli juna. Wata rana ta daina zuwa. Ta mutu a Afrilu 1666, shi kuwa bai tabbatar ba sai da aka buɗe gari.

Mutuwar ƙarshe ta zo ranar 1 ga Nuwamba 1666. Cikin wata 14, mutum 260 suka mutu daga gidaje 76. Cutar ba ta mamaye garuruwan kewaye ba.

A matsayina na malami, wajibi ne in rarrabe wa mai karatu iri biyu na abin da na kawo. Sunaye da ranakun binnewa daga kundin cocin suka fito, domin tun 1538 hukumar Ingila ta umarci kowace coci ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Labaran soyayya da na Marshall Howe kuwa daga bakin tsofaffi suka zo, wani ɗan ƙauyen mai suna William Wood ya tattara su a littafinsa na 1842, shekara 176 bayan annobar. Wood ya ɗauka mutanen ƙauyen kimanin 350 ne, masu binciken da suka duba takardun haraji daga baya suka ce sun kusa 800. Wasu masana ma suna ganin kullen ya ƙara yawan mace-mace a cikin Eyam, ko da ya kare na waje. Ana iya yin wannan muhawara ne saboda akwai rubutu da za a auna maganar baka da shi. Rubutun ya riƙe sunaye, bakin tsofaffi ya riƙe halin mutanen, kowanne ya cika giɓin ɗan'uwansa.

Yau a jikin gidajen Eyam akwai alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, kuma duk Lahadin ƙarshe ta Agusta ana taruwa a Cucklett Delf don tunawa da su. Mu ma garuruwanmu sun ga nasu. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mun ga sanƙarau da kwalara da idonmu. A kowanne akwai matan da suka yi irin abin da Elizabeth Hancock ta yi, akwai masu rumbun da suka buɗe wa maƙwabta. Sunayensu suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuma kullum raguwa suke.

Na ba yaran ajina aikin hutu: kowa ya sami kaye ɗaya, ya zauna gaban tsoho ko tsohuwar gidansu, ya rubuta sunayen kakanni, da inda suka fito, da sana'arsu, da shekarar da suka sha wuya da yadda suka fita daga cikinta. Roƙona ga iyaye shi ne idan yaro ya zo da tambaya kada a kore shi, a kai shi wurin wanda ya sani. Ni ma na sayi nawa kayen, domin gwaggona ta haura tamanin, kuma ita kaɗai ta rage da ta san sunan kakan da na kasa faɗa.