Tarihin 'yar ƙwayar da ake ba mata a wurin awo

1/ Makon jiya na tarar Yayata ta cusa 'yan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa a ƙarƙashin katifa, wai ai lafiyarta ƙalau. Folik asid ne fa. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda jinin masu ciki ya tona alaƙarsa da ƙwaƙwalwar jariri. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1928 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta tafi Bombay (Mumbai a yau) a Indiya. Matan talakawa masu aiki a masaƙu suna ta mutuwa da ƙarancin jini in sun ɗauki ciki. A madubin likita, jajayen ƙwayoyin jininsu sun yi manya fiye da ƙima.

3/ Ta nemi ƙwayar cuta, babu. Sai ta koma kan abincinsu. Bayan gwaji a kan ɓeraye da birai, ta gano cewa Marmite, wani abin shafa wa burodi mai arha da ake yi da yis, yana warkar da su. Ta wallafa a 1931. Sinadarin da ke ciki kuwa ba a san shi ba tukuna.

4/ Sai a 1941 masana a Amurka suka tace shi daga ganyen alayyahu. Sunan folik ma daga kalmar Latin ta "ganye" ya samo asali. Amma har lokacin maganin ƙarin jini kawai aka ɗauke shi.

5/ To ina ƙwaƙwalwa ta shigo? A makonnin farko na ciki, wani siririn faifai a bayan ɗan tayi yana naɗewa ya zama bututu. Samansa ne ke zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. Wajen kwana 28 da shigar ciki ya gama rufewa.

6/ In ƙasan bai rufe ba, a haifi jariri da ƙashin baya a buɗe, sau da yawa ƙafafu a shanye. In saman ne, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa cika, jaririn ba ya rayuwa. Allah Ya kiyaye.

7/ A 1965 likitoci biyu a Liverpool, Elizabeth Hibbard da Richard Smithells, suka ga alamar matsalar folik a jikin iyayen irin waɗannan jarirai. Amma bayan haihuwa suka auna. Wa zai ce haka jinin yake tun farko?

8/ Nan Smithells ya yi dabara. A Leeds ya ɗebi jinin mata tun watanni ukun farko, ya jira haihuwa. Sakamakon 1976: waɗanda jariransu suka zo da matsalar, folik ɗin jajayen ƙwayoyin jininsu ya yi ƙasa tun can baya.

9/ Duk da haka aka yi ta gardama: ko talauci ne, ko wani bitamin daban? Babban gwajin da Nicholas Wald ya jagoranta, da mata 1,817 a ƙasashe 7, shi ya raba gardama a 1991. Ga matan da suka taɓa haihuwar mai matsalar, folik ya rage maimaituwarta da kashi 72 cikin 100.

10/ A 1992 Amurka ta shawarci duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum. Daga 1998 ta tilasta zuba shi a fulawa, don a samu ko ba a shirya cikin ba.

11/ Ga inda abin ya shafe mu. Da yawa matanmu sai ciki ya fito suke fara awo, ga kunya, ga ɓoye cikin fari. Lokacin bututun ya daɗe da rufewa. Ƙwayar za ta taimaki jinin uwa, amma wancan aikin ya wuce.

12/ Don haka amare da masu shirin aure, tun kafin ciki ake farawa. Angwaye, har ku. Wake, gyaɗa da ganyaye suna taimakawa, sai dai ba sa maye gurbinta. Mai sikila, mai shan maganin farfaɗiya, ko wadda ta taɓa haihuwar mai matsalar, ta ga likita, don awonta daban ne.

13/ Yaya dai ta ciro ƙwayoyinta, ƙanwarmu da za a kai ɗaki bayan Sallah ma ta fara sha. Ku tura wa wadda kuka san za ta amfana. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.