Abin da Shekarun SAP Suka Bar Mana a Sabo

Har gobe idan dattawanmu suna hira sai ka ji suna cewa "kafin SAP" da "bayan SAP", kamar yadda kakanninmu suke lissafi da shekarar yunwa ko ta fāra. Yaranmu da aka haifa nan Kurmi suna jin kalmar, amma ba su san mafarinta ba. To, bari mu ɗan waiwaya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

Wutar ba daga gidanmu ta tashi ba. A 1980 gangar ɗanyen mai ta haura dala 35, naira ɗaya kuwa ta fi dala ɗaya daraja. Sai kasuwa ta ja baya a Amurka da Turai, suka rage sayen mai, babban bankin Amurka kuma ya ɗaga kuɗin ruwa har wajen kashi 20 cikin ɗari a 1981. Nan fa ƙasashen da suka ciwo bashi suka shiga uku. A Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, a Agusta Meziko ta ce ba ta iya biyan bashinta. A Janairun 1983 aka kori baƙi marasa takardu, akasarinsu 'yan Gana, har da 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi da muke zaune unguwa ɗaya. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe kan iyaka, ta canja launin kuɗi. A 1986 mai ya faɗo har ƙasa da dala 10, Janar Babangida ya kawo SAP, a Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta koma wajen naira 4. Zuwa 1993 ta kai naira 22 a hukumance.

Wannan duk lissafi ne. Ainihin abin da ya taɓu a wurinmu shi ne amana. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a 1969. Abin da ya gano, mu mun san shi tun muna yara, watau jarin Bahaushe a Kurmi yarda ce. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da tuwo. Dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, a ba da sa bashi, maigida ya tsaya lamuni, idan mahauci ya gaza shi ne zai biya. Haka huhun goro yake tafiya Arewa, kuɗinsa su dawo daga baya, ba takarda, ba lauya.

To, irin wannan ciniki sai da kuɗi mai tsayawa wuri ɗaya. Idan ka ba da bashi yau, aka biya ka bayan wata guda, alhali kuɗin ba sa sake sayen abin da ka sayar, ai ka yi asara ko da ba wanda ya cuce ka. Shi ya sa falke ya koma cewa kuɗi hannu, mahauci kuma masu sayen namansa ma'aikata ne da aka sallama, maigida ya tsaya tsakiya yana biya daga aljihunsa. Da hannunsa ya yi rauni, sai ya rage sauke baƙi, ya rage yaran gida da a da yake ci da su, ya yi musu aure, ya ba su jari.

Nan ne tabon ya zauna. Yaron da a da zai sauka hannun maigida ya koyi ciniki, sai ya sauko daga mota ba wanda ya san shi, ya kama turin baro, ko ga-ruwa, ko acaɓa. Masaƙun Kaduna da za su ɗauke shi ma rufewa suka yi ta yi daga baya. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu yankunanta a 2020 da 2022, kowa ya ga yawan samarin Arewa da ba su da sana'a ta biyu, ba su kuma da mai tsaya musu. Gwanjo ya shiga gidajen da a da suke ƙyamarsa. Makarantar gwamnati ta lalace, mai hali ya kai ɗansa ta kuɗi, 'ya'yan unguwa ɗaya suka tashi ba su san juna ba.

Farashin mai ya sake tashi, har ya wuce dala 140 a 2008, amma bai dawo mana da gidajen baƙi ba. Ashe kasuwa tana warkewa cikin 'yan shekaru, zumunci kuwa sai an sake gina shi da hannu. A Yunin 2023 aka sake sakin naira, a 2024 dala ta wuce naira 1,500. Saboda haka jama'a, aikin da maigida ɗaya yake yi a da, yanzu sai mun haɗa hannu: mu san baƙon da ya sauka, mu sa shi hannun mai sana'a, mu riƙa rubuta bashi da shaidu. Allah Ya sa mu dace, amin.