British Open: Yadda Baƙi Suka Gaje Kofin Turawa

Sikwash wasa ne na mutum biyu cikin ɗaki, suna dukan ƙaramar ƙwallon roba ta bugi bango ta dawo. Gasarsa mai tsohon tarihi da daraja ita ce British Open ta Ingila. Ta mata ta fara a 1922, ta maza a 1930.

Turawa suka kafa ta, amma baƙi suka mamaye ta. Amr Bey na Masar ya ci sau shida, Mahmud Karim sau huɗu. A 1951 sai ga Hashim Khan daga Peshawar ta Pakistan, wanda ya tashi yana tsinto wa hafsoshin Ingila ƙwallo a kulob ɗinsu. In sun tashi, sai ya shiga ba ko takalmi yana gwadawa. Ya kayar da Karim, daga baya ya cika kofi bakwai. Jahangir Khan, ɗan danginsu, ya ci goma a jere, daga 1982 zuwa 1991.

Jama'ar unguwa, mu da iyayenmu suka zo Potiskum da baƙunta, kada mu raina yaron da ke raɓe a bakin fili yana kallo. A bar shi ya gwada.