Yadda Yis Ɗin Fanke Ya Shiga Sana'ar Roba

Duk mahaucin da ke yanka a Daura ko Mai'adua ya san abin da yakan tarar idan ya farke tumbin akuyar da ta yi kiwon cikin gari: baƙar leda a murɗe kamar gammo. Kakanninmu da ganye da ƙwarya suka yi cefane, kuma juji kan cinye su. Leda kuwa ɗiyar man fetur ce, ƙasa ba ta san yadda za ta ci ta ba.

Abin mamaki, roba mai ruɓewa ta girmi ledar kanta. A 1926 wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano wata ƙwayar bakteriya tana tara wani sinadari a cikinta kamar yadda raƙumi ke tara kitse a tozo. Sunansa PHB, kuma roba ce. Kamfanin ICI na Ingila ya kai ta kasuwa da sunan Biopol, har aka yi kwalaben sabulun wanke gashi da ita a Jamus a 1990. Tsada ta karya cinikin.

Sai hankali ya koma kan yis, wannan dai da mai fanke ke barbaɗawa a ƙullu. A 1996 masana a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka dasa masa ƙwayar gadon bakteriya. Ya yi PHB ɗin, amma ko kashi 1 cikin 100 na nauyinsa bai kai ba.

Nasarar ta ɓullo ta wata ƙofa. Tun 2002 wata masana'anta a Blair, jihar Nebraska, take sarrafa wata roba mai ruɓewa, PLA, daga sikarin masara, bayan an mai da shi sinadarin nan da ke tsamar da nono. Bakteriyar da ke yin wannan aiki ba ta jure tsamin da ita kanta ta yi, dole a riƙa zuba mata farar ƙasa, a ƙare da tulin shara. A 2008 kamfanin Cargill ya kawo yis da aka sauya wa halitta, wanda tsami bai dame shi ba, sharar ta ragu ƙwarai.

Sai dai kada mahaucinmu ya yi saurin murna. PLA ba ta ruɓewa da wuri sai a takin da ya haɗa danshi da zafi wajen digiri 58. Jujin Daura yana da rana, amma rabin shekara da ɗoriya a bushe yake ƙamas. Masarar kuma, a nan tuwo muke yi da ita.