Fadar Ƙasa Da Ta Zama Masaukin Baƙi

Ya kai mai karatu na ƙasar Dakoro, in ka taɓa shiga babban gari ka ga otal na siminti da gilashi. Wataƙila ka ce a ranka: ginin ƙasa na talaka ne. To, saurari labarin wani gida da ke Agadas, arewa da mu.

A watan Disamba na 1916, Kawusan, jarumin Buzaye, ya kewaye barikin sojan Faransa a Agadas. Sarkin Abzin Tagama yana goyon bayansa. A wannan zamani aka gina wa Kawusan fada daura da babban masallaci. Bai daɗe cikinta ba. A watan Maris na 1917 sojan Faransa suka zo daga Damagaram suka karɓe garin. Kawusan ya yi arewa, aka kashe shi a ƙasar Libiya a 1919.

Mai gida ya tafi, gida ya tsaya. Daga baya aka mai da shi masaukin baƙi, ana ce da shi Hôtel de l'Aïr, wato otal na Abzin.

Me baƙo yake gani in ya shiga? Bango mai kauri na tubali da yaɓe, mai tare zafin rana. Babban zauren ya zama ɗakin cin abinci. Rufinsa na zaune bisa bakan gizo. Magini ne ke jera itace, ya ɗaure, yana tanƙwaso shi kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama, sannan ya lulluɓe da ƙasa. In baƙo ya hau bisa soro, ga hasumiyar masallaci gabansa, mita 27, ita ma ta ƙasa.

A shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris zuwa Dakar ke ratsa Agadas, Turawa sun yi ta sauka garin. Siminti da gilashi suna da su a gida. Abin da babu wajensu suka biya kuɗi su gani. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya.

Yanzu waiwayo gida. Dubi tabarmar kaba, da ƙoren da aka yi wa zane, da matashin fata na dukawa, da jeren uwargida. Wannan shi ne adon ɗakinmu. Kwano yana da amfaninsa ga damina, amma ka san yadda ɗaki yake da bazara.

Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka, yana kuma son mai sani. In tsohon magini ya rasu bai koya wa kowa ba, saninsa ya bi shi kushewa. Tun da ka iya rubutu, je ka wurinsa. Tambaye shi yadda ake cuɗa ƙasa da ɗaura baka. Rubuta, ka karanta wa yaranka.