Yadda Aka Fara Tambayar Rijiya Amfaninta

Tun kafin likita ya iso ƙasar Gwarzo da Kabo da madubinsa, mutanen wannan yanki suna da mizanin da suke auna ruwa da shi, wanda kowane almajiri yake sani tun yana karatun Ahalari da Ishmawi, watau a dubi launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, idan babu abin da ya jirkita ɗaya daga cikinsu, to, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Fuƙaha'u sun kafa wannan hukunci ne domin alwala da wanka, kuma ya wadatar ga abin da aka kafa shi dominsa. Amma tafkin da ya halatta a yi ɗahara da shi yana iya ɗauke da 'yan halittun da suka haɗiye ƙwayar kurkunu, mutum ya sha bana, sai baɗi da damina, daidai lokacin da gona ta fi bukatarsa, tsutsar ta huda masa ƙafa ta kwantar da shi makonni.

Ƙasar nan kuwa a kan fa take zaune, ruwan ƙarƙashinta ba shimfiɗe yake ba kamar na gabas wajen Haɗeja, sai a tsagar dutse da inda dutsen ya rube, shi ya sa rijiya takan ƙafe da bazara, jama'a su koma kududdufi da tonon rafi. Turawan mulki sun fara gina rijiyoyin kankare a Arewa tun ƙarshen shekarun 1920, birnin Kano ya sami ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma ƙauye bai ga babban aiki ba sai da Audu Baƙo ya riƙi Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗora ta bisa turbar gina madatsun ruwa. An gama Tiga a 1974, yammacin Kano ya sami rabonsa a Pada da Guzuguzu da Magaga, daga bisani hukumar raya noma da karkara ta jihar, KNARDA, ta bi ƙauyuka a shekarun 1980 tana haƙa burtsatse da rancen Bankin Duniya. A duk tsawon wannan zamani, hujjar da hukuma take kawowa ita ce lissafi: rijiya kaza aka haƙa, gari kaza aka kai wa famfo. Ko yaran garin sun rage zawo, wannan mas'ala ce da ba a cika jefa wa kowa ba, domin an ɗauka amsarta a fili take.

A maƙwabta aka gwada wannan zato. Wanda ya bar Gwarzo ya bi ta Dayi zai faɗa Malumfashi, inda a shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar likitancin ƙasashe masu zafi ta Libaful suka kafa wani dogon bincike a kan cututtukan da suka zauna wa ƙasar, ciki har da tsargiya, wadda madatsun ruwa kan ƙara wa ƙarfi alhali domin alheri aka gina su. A 1978 Andrew Tomkins da abokan aikinsa suka buga abin da suka gani a ƙauyen Gamzago, bayan sun auna nauyi da tsawon ƙananan yara, sun kuma ɗebi ruwan da gidajensu suke sha. Sun tarar da rama ta kama kusan kashi 38 cikin ɗari na yaran da ruwansu kaɗan ne kuma ba a killace ba, alhali a gidajen da ruwa ya wadata ba ta wuce kashi 10 da 'yan kai ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ruwan ɓangarorin biyu duka yana cike da ƙwayoyin da ke nuna gurɓata, abincin yaran ma ya fi ruwan ƙwayoyi, har masu binciken suka karkata ga cewa la'alla wasu al'amuran da ke tattare da samun ruwa sun fi tsabtarsa tasiri. A ganina wannan ɗan bincike ya cancanci a riƙa karantar da shi a Kano, domin galibin jayayyar da masana suka yi shekara arba'in suna yi tana cikinsa a dunƙule.

Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsabta, dukiya ta kwararo, masu ba da ita suka fara neman dalili. A 1983 Deborah Blum da Richard Feachem na Landan suka bi nazarce-nazarce 44 da aka yi a baya, suka nuna cewa babu wanda ya kuɓuta daga illa, kamar a kwatanta ƙauye ɗaya da ƙauye ɗaya, ko a tambayi uwa zawon da ɗanta ya yi tuntuni. Aka gwada gyararriyar hanya a aikin burtsatse na UNICEF a Jihar Imo, sai aka ga kurkunu ya ja baya ga masu shan ruwan burtsatse zalla, zawo kuwa bai motsa sosai ba, saboda ruwan da ya fito garau daga famfo yana gurɓacewa tsakanin bakin famfo da randa. Kurkunu shi ya fi sauƙin hukunci, tun da ana ganinsa da ido: ƙidayar ƙauye-ƙauye ta 1988 zuwa 1989 ta samo sama da mutum 650,000 a Nijeriya, aka bi su da ƙyallen tacewa da rajistar wata-wata, na ƙarshe ya bayyana a Jihar Inugu a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida rabuwar ƙasar da shi a 2013.

Daga nan masana tattalin arziki suka shigo da ƙuri'a, wadda take raba tasirin aiki da bambancin da ke tsakanin garuruwa tun asali. A yammacin Kenya, Michael Kremer da jama'arsa suka jefa ƙuri'a a kan maɓuɓɓuga 184 domin a fitar da waɗanda za a fara killacewa, aka ga gurɓata ta ragu da kashi biyu cikin uku a bakin ruwa, amma da kimanin rubu'i kaɗai a cikin gida. Saɓani bai ƙare ba, domin manyan gwaje-gwajen da aka buga a 2018 daga Kenya da Bangaladash ba su ga ruwa da tsabta sun ƙara wa yara tsawo ba, alhali da aka tattara wasu gwaje-gwajen daga baya an sami alamar cewa sa kulorin a ruwa yana rage mutuwar yara ƙwarai.

Ta haka aka wayi gari tambayar amfanin ruwa ga lafiya ta zama sana'a, mai bukatar masanin duwatsu da likitan al'umma da gwanin lissafi, da kuma mai bin gida-gida, wanda a ƙasarmu sau da yawa tilas mace ce, tun da namiji iyakarsa zaure. Binciken gida-gida da ake kira MICS na 2016 da 2017, wanda ya ware wa Jihar Kano samfuri na musamman, ya haɗa da gwajin ruwa, kuma hanyarsa abin lura ce. Bayan an gaida dagaci an sami izinin maigida, ba a barin uwargida ta zaɓo ruwan baƙo, sai a roƙe ta ta kawo wanda za ta ba ɗanta in ya ce ƙishirwa, a moɗar da aka saba. A auni mililita 100 a tace, a ɗora matacin bisa ɗan faifai mai abincin ƙwayoyi, a sa shi cikin wata ɗamara da ma'aikaci yake ɗaurawa a jikinsa domin ɗumin jiki ya maye gurbin na'urar da babu lantarkin kunna ta, bayan kwana ɗaya a ƙirga ɗigo-ɗigon shuɗi. Sannan a bi sawun ruwan zuwa inda aka ɗebo shi, ko burtsatse ne ko rijiya ko kurar ɗan garuwa, a sake gwadawa. A faɗin Nijeriya, kimanin tara cikin goma na mutanen da aka gwada ruwan gidansu a wannan zagaye an sami ƙwayar E. coli a abin da suke sha, adadin da ya zarce na bakin rijiya.